Taswirarmu da Tagar 'Yar Malama

Shekarun baya, lokacin ina aji uku a jami'a a nan Samarun Zariya, na yi wani aiki da na ɗauka taimakon jama'a ne, ashe saura ƙiris in wargaza auren mutane. Abin ya daɗe da wucewa, an yafe mini, har dariya muke yi in an tuna. Amma tunda kwanan baya wani ya tambaye ni a nan dalilin da ya sa nake takura wa mutane su kulle wayalis ɗin intanet na gidajensu, bari in ba ku labarin yadda ya faru.

Yaran yanzu ba za su gane wahalar intanet ta wancan lokacin ba. Wayar hannunmu kira ce da tes kawai. In malami ya ba da aiki sai ka tafi kafe, ka sayi tikitin awa ɗaya, ka zauna kana kallon shafi yana buɗewa kaɗan-kaɗan. Kafin ya gama an ɗauke wuta, mai kafe ya fita tayar da janareta, lokacinka kuma yana ta tafiya. Haka muke fama.

Ina da wani aboki ɗan kudancin Kaduna, ajinmu ɗaya. Yana da tsohuwar laftof da yayansa ya bar masa, wadda sai an ɗaure murfinta da roba, batirinta kuma ba ya kai awa guda. Ni kuma mahaifina yakan bar mini babur ɗinsa ranar Asabar. Wata Asabar muna zaune a bakin wani shago a unguwar PZ muna jira a gyara mana caja, abokina ya buɗe laftof ɗin don kashe lokaci, sai na ji ya dafa ni da ƙarfi.

"Gai, zo ka gani! Netwok ne, kuma a buɗe yake!"

A lokacin ne aka fara sa ɗan akwatin nan mai ƙaho biyu a wasu ofisoshi da gidajen masu hali, wanda ke watsa intanet ba tare da an ja waya ba. Yawancin masu shi ba su ma san ana kulle shi da kalmar sirri ba. Yadda mai haɗawa ya bar shi haka yake, har da sunan da ya zo da shi daga kamfani. Ranar muka sauke duk abin da muke buƙata a bakin titi, ba mu biya kowa ko sisi ba. Muka koma Samaru muna ji da kanmu kamar mu muka ƙirƙiro abin.

Daga nan muka mai da shi sana'a. Duk Asabar ina tuƙi a hankali, abokina yana baya da laftof a buɗe a gadon bayana, da ya ga sabon netwok sai ya buge ni a kafaɗa in tsaya. Muka bi Samaru layi-layi, muka shiga Sabon Gari, muka ratsa Muchia. Basawa ce kawai ba mu daɗe ba, domin wani soja ya tambaye mu me muke aunawa a kusa da bariki, muka ce ɓatan hanya muka yi, kuma ba mu sake komawa ba. Gidajen da muka samu ba su da yawa, amma a wancan zamanin ko guda biyar dukiya ce.

Ni ne na kawo shawarar mu zana taswira. Ina da kyan rubutu, kuma ina son a san ina da shi. Na sayi farin kwali, na zana tituna, na sa ɗigo kore a inda netwok yake a buɗe, ja a inda yake a kulle, kowane ɗigo da bayaninsa a gefe. Wanda ya fi kowanne sauri yana Muchia, har taurari uku na sa masa. Har yau ina iya karanto abin da na rubuta a gefensa: "Gida mai shuɗin get, layi na biyu bayan coci. Ka zagaya baya ka tsaya daidai taga mai labule ruwan ƙasa, nan sigina ya fi ƙarfi. Daga la'asar zuwa magariba akwai wuta a layin." A can ƙasan kwalin kuma na ƙara da manyan baƙaƙe: "Kada ka faɗa wa masu gida abin da ya kawo ka, za su kulle."

Gaskiyar magana abokina ya ja ni baya. Ya ce, "Anya ba za mu tambayi masu gidajen nan ba? Aƙalla mu cire zancen taga."

Na yi masa lacca mai tsawo. Na ce abu ne da yake yawo a iska, iska kuma ba ta da mai ita. Na ce ba katanga muka haura ba, a kan titin gwamnati muke tsaye. Na ce ilimi haƙƙin talaka ne. Na yi ta zuba har ya gaji ya ce to. A shekarun nan in na fara magana ko ni kaina ina burge kaina.

Muka yi fotokwafi, muka manna ɗaya a allon sanarwa na sashenmu, muka ɗauki hotonta muka tura a zauren imel na ɗalibai. Cikin mako biyu sunanmu ya zagaya. Ana kirana Injiniya, ni da ko digiri ban gama ba. Mutanen da ba su taɓa amsa gaisuwata ba suka fara tsayar da ni a hanya suna tambaya ko akwai sabon ɗigo.

Bayan kamar wata biyu, ana tsakiyar zafin bazara, muna cin tuwo a tsakar gida sai mahaifiyata ta dawo daga unguwa ranta a ɓace. Malamar firamare ce, kuma tana da wata aminiya da suka yi shekaru suna koyarwa tare, Kirista ce 'yar asalin Zariya, wadda kowa ke kira Malama. Ita ta koyar da ni a aji biyu. Bayan ta yi ritaya ta koma gidan da marigayi mijinta ya gina a Sabon Gari, ni kuwa ban taɓa zuwa ba. Ɗanta namiji yana aiki a ƙasar waje, ita da 'yarta kawai ke gidan. 'Yar ma'aikaciyar jinya ce, an kai kayan aurenta, an sa rana, har an karanta sanarwar farko a coci cikin ukun da ake yi kafin ɗaurin aure.

Mahaifiyata ta zauna ko mayafi ba ta cire ba, ta ce, "Dangin angon sun je sun ce wa fasto a dakatar da sanarwa."

Mahaifina ya tambayi dalili.

"Wai samari ne suka yi mata yawa. Kullum da la'asar sai ka gan su a bayan tagan ɗakinta, wasu a tsaye wasu a tsugune, kowa da jakarsa da kwamfuta yana burga. Ran Asabar kamar ana rabon wani abu. Yarinya ta rantse ta kuma rantsewa ba ta san ko ɗaya ba. To wa zai yarda? A garin nan saurayi ya yi wanka ya zo ya tsaya bayan gidan da ke da budurwa da la'asar, me ya kawo shi in ba zance ba? Kuma in maƙwabta suka tambaye su, sai wannan ya ce abokinsa yake jira, wancan ya tattara kaya ya gudu. Marar gaskiya dai."

Na yi ƙarfin hali na ce, "Umma, a wace unguwa gidan yake?"

"Muchia, can gefen Sabon Gari. Bayan coci."

"Get ɗin wane launi ne?"

"Shuɗi. Ka san gidan ne?"

Na ce a'a, tambaya ce kawai. Na tashi na wanke hannu, tuwon da ban ƙarasa ba kenan.

Ina so in ce muku nan take na faɗi gaskiya, amma ba haka aka yi ba. Kwana biyu na yi ina ƙoƙarin binne abin a ɓoye. Na je na yage ta allon sanarwa, na tura saƙo a zauren imel cewa ɗigon Muchia ya daina aiki. Wani ya amsa cewa ƙarya ne, daga can yake rubutowa. Rana ta biyu na ari babur ɗin mahaifina na je da kaina. Na tarar da samari sun kai takwas a jikin katangar, ko ɗaya ban sani ba, wasu ma ba 'yan makarantarmu ba ne. Ɗaya daga cikinsu ya ga ina waige-waige ya ɗauka baƙo ne ni, ya ciro wata takarda da ta sha ninki ya miƙo mini. Taswirata ce, kwafin kwafi, har rubutun ya fara dushewa, wani ma ya ƙara kibiya da biro tana nuna tagar. Ya ce in je in yi fotokwafi in dawo masa da ita.

Na ɗaga kai na dubi tagar. A rufe take ruf, an saki labule, a cikin zafin da ko a inuwa mutum yake gumi. Na koma gida na sami mahaifiyata a ɗaki na faɗa mata komai.

Na zaci za ta yi mini wankin babban bargo. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni na ɗan lokaci, ta jawo mayafinta ta ce, "Ɗauko babur. Ka kira abokin naka ya same mu can da kwamfutan."

A falon Malama na durƙusa, abokina a gefena, na shimfiɗa kwalin a kan tebur na yi bayani ina in'ina. 'Yarta tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki, ta naɗe hannu. Akwatin intanet ɗin yana cikin ɗakin 'yar a kan durowa, daidai ƙarƙashin taga. Yayanta ne ya haɗa shi da ya zo hutu, don su riƙa magana da mahaifiyarsu ta kwamfuta duk Lahadi.

Malama ta sa tabarau ta daɗe tana duba kwalin. Sannan ta ce, "Wannan rubutun ai na gane shi. Ni na riƙe hannunka na koya maka shi." Ta ɗora yatsa a kan taurarin nan uku. "Ɗana, ka san launin get ɗina, ka san launin labulen ɗakin 'yata, ka san lokacin da muke samun wuta. Ka rubuta ka raba wa mutanen da ban sani ba. Amma ko sau ɗaya ba ka yi sallama ka shigo ka tambayi mai gidan ba."

Na ce, "Mama, wallahi ban san gidanki ba ne."

Ta ce, "Da gidan wata ne fa? Ita ba ta da 'ya?"



Washegari aka kira kawun ango, wanda shi ya riƙe yaron tun rasuwar mahaifinsa kuma shi ya je wurin fasto. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, dogo, da sanda da 'yar rediyo a hannu, mutumin da ba ya yarda da abu sai ya gani da idonsa. Muka fita da shi bayan gida, abokina ya buɗe laftof a jikin katanga ya nuna masa shafi yana buɗewa ba waya ba komai. Kawu ya duba ƙarƙashin laftof ɗin, ya duba bayanta, ya dubi katangar.

"Wato abin yana ratsa bulo ya fito?"

Muka ce e, Baba.

"To in na ciki yana fitowa, ashe da wannan kuna ganin yarinyan a cikin ɗakinta kenan?"

Na ce a'a da sauri. Abokina kuwa, wanda Allah ya yi shi ba ya iya barin bayani a rabi, ya fara cewa, "Ba dai ita kanta ba, Baba, sai dai in akwai hotuna a kwamfutan gidan da ba a..." Na take masa ƙafa har sai da ya yi ƙara. Kawu ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, na ga alamar mun ƙara dagula lamarin.

Da muka koma falo ya ce shi bai gane zancen iska ba, kuma yaran jami'a sun iya tsara magana. Amma akwai hanya mai sauƙi. A kashe akwatin kwana bakwai. In don shi samarin ke zuwa, za su watse da kansu. In kuma don yarinya ne, za su ci gaba da zuwa, shi kuma zai je ya karɓo kayansu. Zai riƙa zama a shagon tela da ke kallon bayan gidan daga la'asar zuwa magariba. Kada a kori kowa, kada a faɗa wa kowa. Ya nuna ni da sanda ya ce, "Kai kuma Injiniya, kullum ka zo ka zauna kusa da ni inda zan riƙa ganinka."

Malama ta miƙe da kanta ta shiga ɗakin ta zare wayar akwatin daga bango. Ta san ranar Lahadi ba za ta ga fuskar ɗanta ba, amma ba ta ko ambata ba.

Haka na yi mako guda ina gudun laccar yamma ina zaman benci da Kawu. Rana ta farko suka zo kamar kullum. Suka buɗe laftof, suka jira, suka ɗaga ta sama, suka karkata ta gefe. Wani ya matsa har ya manna tasa a jikin tagar, daga inda muke kuwa sai ka rantse leƙe yake yi. Kawu ya ciro ɗan littafi ya rubuta wani abu. Kafin magariba duk suka watse suna tsaki. Rana ta biyu rabinsu suka zo. Ta uku mutum biyu, su ma ba su yi minti goma ba.

Rana ta huɗu da ta biyar ba wanda ya zo sai awaki. Kawu ya fara sakin jiki, ya sayi gyaɗa ya ba ni rabi, ya ba ni labarin yadda ake juya kan jirgi a tasha, ya tambaye ni ko wannan iskar tamu tana sa ciwon kai. Na fara jin cewa na tsira.

Rana ta shida, rana ta yi sanyi, tela yana shirin rufe shago, sai ga wani mutum ya shigo layin. Ba jaka ba laftof, sai baƙar leda a hannu, ya jawo hula har gira, yana tafiya a jikin katanga yana waiwaye. Ya tsaya daidai tagar ya ƙwanƙwasa a hankali sau uku. Ina addu'a a raina kada ta buɗe. Sai labule ya motsa, taga ta buɗe, na hango fuskar 'yar Malama tana murmushi, murmushin da ban taɓa gani a fuskarta ba.

Kawu ya kashe rediyo, ya miƙe a hankali, ya ce, "To, Injiniya. Wannan kuma wane netwok ya zo nema?"

Ya tsallaka layin da saurin da ban zaci yana da shi ba, ina biye da shi. Ya damƙi wuyan rigar mutumin ta baya ya juyo da shi, hula ta faɗi ƙasa. Sai na ga Kawu ya saki rigar ya ja da baya.

Angon ne. Ɗansa na riƙo.

"Kai! Ba na ce kada ƙafanka ya taka layin nan sai an gama bincike ba?"

Yaron ya durƙusa, ledar tsire tana hannunsa. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ni tun farko ban yarda da maganan ba. Daga wurin aiki na taho, na ce ko ta taga ne in gan ta in koma. Ba ta cin abinci, Baba."

Daga cikin taga aka ce, "Ina wuni, Baba," da 'yar ƙaramar murya.

Kawu ya dubi ɗansa, ya dubi taga, ya dube ni. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har sai da ya dogara da sanda. Ya ce, "Kwana shida ina gadin taga, mutum ɗaya na kama, shi ma daga gidana ya fito." Ya share ido ya ce wa yaron, "Tashi. Zagaya ka shiga ta ƙofa kamar ɗan mutunci, ka gai da surukanka." Bai jira kwana na bakwai ba. Ranar Lahadi aka karanta sanarwa ta biyu.

Kafin a sake kunna akwatin, ni da abokina muka je muka sa masa kalmar sirri, muka canza masa wuri zuwa falo, muka rufe hotunan da ke kwamfutar gidan, waɗanda lallai a buɗe suke kamar yadda abokina ya so ya faɗa. Ko wani ya taɓa kwasar su, ban sani ba, kuma ba yadda zan sani. Ina cikin aikin ne 'yar Malama ta yi mini magana karon farko. Ta ce makonnin farko ita ba zancen aure ne ya dame ta ba, don ba a fara shi ba tukuna. Tsoro ne. Tana jin muryoyin maza a saitin kanta, ba ta san me suke so ba, daga ita sai tsohuwa a gida. Ta ɗauka ɓarayi ne ke nazarin gidan. Ta faɗa ba da faɗa ba, kamar mai ba da labarin wata. Na fi jin zafin wannan a kan duk abin da aka faɗa mini.

Bayan nan muka bi sauran koren ɗigon gida-gida, wannan karon ta ƙofa. Muka yi sallama, muka faɗi abin da muka yi, muka kulle wa duk wanda ya yarda. Wasu suka yi godiya har da ba mu lemo, wani lakcara ya kore mu, wata mata 'yar kudu mai shago a PZ ta zage mu da Turancin kasuwa sannan ta ce mu zauna mu gyara. A makaranta kuwa sunan Injiniya ya koma wani suna da ba zan rubuta a nan ba.

An yi biki, na je, na ci shinkafa a can baya. Yau aikin da nake ci da shi kenan, haɗa netwok a gidaje da ofisoshi, kuma ba na barin gidan mutum sai na ga ya kulle nasa ko da zai ce na cika naci. In na ga a intanet an sa taswirar da ke nuna netwok ɗin gidajen mutane layi-layi, ana cewa ai ba sirri ba ne tunda duk mai wucewa zai iya gani, sai in tuna ni ma haka na ce. Kuma gaskiya ne, duk mai wucewa yana ganin shuɗin get. Amma mai wucewa wucewa yake yi. Ni na tattara get da taga da lokaci a takarda ɗaya, na miƙa wa wanda na sani da wanda ban sani ba, kuma takardar ta nuna wa kowa gidan da ke da kwamfuta da hanyar bayansa. Samari masu neman aikin makaranta ne suka riƙe ta, Allah ya rufa asiri. A kaina a lokacin ɗigo ne kawai kore da ja, ban taɓa kawo wa raina cewa akwai mai kwana a bayan kowanne ba.

Ba na kwana da abin a rai yanzu. Malama ta yafe mini tun kafin biki, mahaifiyata ma ta daina tuna mini bayan kamar shekara biyar. Abokina yana nan, har yau in muka yi gardama sai ya ce, "Ka tuna wa ya ce a cire zancen taga," sai in sallama masa.

Bara na shiga PZ sayen waya, sai na ji an ce, "Injiniya!" Na juya, 'yar Malama ce, ta zama babbar mace, tana riƙe da hannun wata yarinya mai kama da ita sak. Muka gaisa, na tambayi maigidan da Malama, ta tambayi Umma. Yarinyar ta ja zanen uwarta ta ce, "Mama, wane ne?"

Ta dube ni tana dariya, ta ce, "Wannan? Shi ne ya kusa hana a haife ki. Gaishe shi."

Yarinyar ta ɗan rusuna ta ce, "Ina wuni, Kawu."

Na amsa, na dafa kanta na sa mata albarka.